Me ya sa gyaran tsarin kula da jirage a sama ke cin shekaru, alhali fasahar tana nan?

Duk sanda aka ji labarin na'urorin masu kula da zirga-zirgar jiragen sama sun ɗauke a wata ƙasa, tambayar da mutane ke yi ɗaya ce: to me ya hana a kwashe tsofaffin kayan nan a zuba sababbi? A ranar 28 ga Afrilun 2025 jami'an da ke ba jiragen filin Newark na Amurka hannu sun rasa hoton rada da layin rediyo na kusan daƙiƙa 90, jirage na sama ba mai ganinsu ba mai jinsu, daga baya sai da aka rage yawan jiragen da ke sauka a filin. A watan Yulin shekarar majalisar Amurka ta ware dala biliyan 12.5 don sabunta tsarin, kuma jami'an gwamnatin da kansu suka ce wannan somin-taɓi ne. Nan fa mutane suka shiga mamaki, ƙasar da ke tura na'ura duniyar Mars wai ita ce ke fama da tsohuwar wayar tagulla a ofishin kula da jirage.

Tambayar tana kan hanya, amma yawancin masu yin ta sun ɗauka matsalar ta sayen kaya ce. Gaskiya sayen kayan shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Abin da ke cin shekaru shi ne a sa ƙasashe da kamfanonin jirage da sojoji da filayen jirgi da dubban ma'aikata su canza yadda suke aiki a lokaci ɗaya, ba tare da an kashe tsarin ko na minti ɗaya ba.

Wai mene ne ma tsarin?

Mutane da yawa in an ce masu kula da jirage, hasumiyar nan mai gilashi ta filin jirgi ce ke faɗo musu a rai. Ita hasumiyar ƙaramin ɓangare ce, aikinta titin tashi da sauka da ɗan kewayen filin. Da jirgi ya ɗaga sai ta miƙa shi ga wasu jami'an da ke kula da masu shigowa da masu fita, su ma su miƙa shi ga cibiyar yanki, wani ɗaki ne mara taga cike da allunan kwamfuta, mai yiwuwa yana nesa da filin jirgin da ɗaruruwan kilomita. Haka za a yi ta miƙa jirgin hannu zuwa hannu har ya sauka. Babban aikinsu shi ne kar jirgi biyu su matsi juna. Inda akwai rada, tazarar da aka fi amfani da ita a can sama mil 5 ce ta ma'aunin teku a gefe da gefe, ko ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa.

Bayan su akwai masu zana hanyoyin saman, don sama ma tana da tituna da mahaɗa masu sunaye, akwai kuma masu ƙirga yawan jiragen da kowane yanki zai iya ɗauka a awa ɗaya, in ya cika su ce wa jirgi ya jira a ƙasa. Duk wannan kuma yana zaune ne a kan kayan aiki iri uku: na magana tsakanin matuƙi da jami'i, na nuna wa jirgi hanya, da na ganin inda jirgin yake. In ka taɓa ɗaya sai ka ga ya motsa sauran, shi ya sa ba a cewa yau za mu canza rada kawai.

Sama a yanke take

Tushen wahalar yana cikin yarjejeniyar Shikago ta ranar 7 ga Disamban 1944, wadda ta haifi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, yanzu da ƙasashe 193. Sashe na farko na yarjejeniyar ya ce kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da sararin samaniyarta. Ma'ana ICAO tana rubuta ƙa'ida, amma ba ta da radar ko ɗaya, ba ta biyan albashin jami'i ko ɗaya, kuma ba ta iya tilasta wa wata ƙasa ta sayi na'ura. An yanka sararin duniya gunduwa-gunduwa, kowane yanki da hukumar da ke riƙe da shi, har saman teku an raba wa ƙasashen da ke bakinsa su kula.

To ka ɗauka ƙasa ɗaya ta kashe maƙudan kuɗi ta sa kwamfutar da ke tura bayanan jirgi kai tsaye ga maƙwabciyarta kafin ya tsallaka iyaka. In maƙwabciyar ba ta da irin ta, ko tana da ita amma ba sa jin yaren juna, jami'in zai koma ɗaukar waya yana karanto wa takwaransa sunan jirgi da tsayinsa da lokacin isowarsa kamar yadda ake yi shekaru hamsin baya, kuma kowace kalma da aka ji ba daidai ba haɗari ce. Kuɗin ya tafi, amfanin ya tsaya a bakin iyaka.

Akwai inda aka kauce wa wannan tun da wuri. Hukumar ASECNA da aka kafa a 1959, mai hedikwata a Dakar, tana kula da sararin ƙasashen Afirka da dama a ƙarƙashin inuwa ɗaya, yawancinsu masu amfani da Faransanci. A Turai cibiyar Maastricht tun 1972 take riƙe da saman Beljiyam da Holan da Luksamburg da arewa maso yammacin Jamus. Amma irin waɗannan ba su da yawa, don ba kowace gwamnati ce za ta yarda wani ya riƙe mata sama ba.

Sai an tashi tare, rana ɗaya

Misalin da na fi so a wannan harka shi ne na rage tazarar tsayi, don yana nuna yadda aikin yake in an yi shi daidai. A da, jiragen da ke tafiya sama da ƙafa 29,000 dole a bar ƙafa 2,000 tsakaninsu, saboda na'urar auna tsayi ta wancan zamanin ba a yarda da ita sosai a can sama ba. Da na'urori suka inganta sai aka ga za a iya mayar da shi ƙafa 1,000, wanda zai ƙara hawa shida tsakanin ƙafa 29,000 zuwa 41,000, daidai wurin da jirage suka fi son bi don nan mai ya fi auki. Babu sabon titi, babu sabon gini, amma sama ta ƙara faɗi.

Sai dai duba abin da aka sha kafin a kai nan. Kowane jirgi sai an tabbatar na'urar tsayinsa ta cika sharaɗi an ba shi takardar izini, an kafa ofisoshin da ke bin diddigin ko jiragen suna riƙe tsayin da aka ba su, an sake horar da jami'ai da matuƙa, an sake rubuta yarjejeniyar miƙa jirgi tsakanin kowace cibiya da maƙwabciyarta, sannan aka tsara yadda za a yi da jirgin da ya fito daga yankin da ya canza zai shiga wanda bai canza ba. An fara a arewacin tekun Atlantika a 1997, Turai ta shiga ranar 24 ga Janairun 2002, Arewacin Amurka a Janairun 2005, Afirka kuma ranar 25 ga Satumban 2008. Sama da shekara goma kenan a kan canji ɗaya tak, kuma kowane yanki sai da ƙasashensa suka tsayar da rana da sa'a guda suka juya tare.

Ko ƙananan canje-canje ma ba a yin su yadda aka ga dama. Duniya tana da jadawalin kwana 28 da ake sakin sababbin bayanan hanyoyi, don a samu lokacin loda su cikin kwamfutar kowane jirgi. In ƙasa ta canza sunan wata mahaɗa ba a kan jadawalin ba, matuƙi zai zo da tsohuwar taswira jami'i na kallon sabuwa.

Gyara ana tsaka da aiki

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi tayar min da hankali. Aikin kamar sake rufin ɗaki ne ana ruwa kuma mutane na kwance a ciki. Babu daren da sama ke zama babu jirgi.

Daren 1 ga Yulin 2002 injiniyoyi suna aiki a kan na'urorin cibiyar Zurich ta Suwizalan. Saboda aikin, radar ta koma yanayin wucin-gadi, alamar gargaɗin da ke fitowa a allo in jirage biyu za su haɗu ba ta aiki, babban layin waya ma a kashe. Jami'i ɗaya ne ke kula da tebur biyu, abokin aikinsa ya tafi hutawa. Wani jirgin fasinja na Rasha da jirgin kaya na DHL suka nufo wuri ɗaya a tsayi ɗaya a saman garin Uberlingen na Jamus. Wani jami'i a cibiyar Karlsruhe ta Jamus ya ga abin a allonsa, ya yi ta kiran Zurich waya ba ta shiga. Da jami'in Zurich ya farga sai ya ce wa jirgin Rasha ya yi ƙasa, ita kuma na'urar kauce wa karo da ke cikin jirgin ta ce ya yi sama, matuƙan suka bi maganar jami'i, shi kuma jirgin kayan ya bi na'urarsa da ta ce ya yi ƙasa. Mutum 71 suka rasu, mafi yawansu yara. Bayan nan ne aka ƙarfafa dokar cewa in na'urar kauce wa karo ta yi magana ita ake bi, ko me jami'i ya ce.

Abin lura a nan, ba tsufan na'ura ne ya kashe mutanen nan ba. Aikin gyara ne da ba a zauna an lissafa me da me zai ɗauke a daren ba, da wa zai rage a bakin aiki, da yadda maƙwabta za su same ka in wayarka ta mutu. Shi ya sa yanzu duk wani canji sai an rubuta masa binciken haɗari, an gwada shi a na'urar kwaikwayo, sau da yawa ma a bar sabon tsari yana aiki a inuwar tsohon na tsawon lokaci, yana karɓar bayanai na gaske amma ba shi ke ba da umarni ba, har a gamsu.

Kuma sabo ma ba ya hana faɗuwa. Ranar 11 ga Janairun 2023 an tsayar da tashin jirage a duk faɗin Amurka, karon farko tun harin 11 ga Satumban 2001, saboda ma'aikatan kwangila sun goge wasu fayiloli bisa kuskure suna ƙoƙarin daidaita rumbun sanarwar matuƙa da na ajiyarsa. Ranar 28 ga Agustan shekarar kuma a Birtaniya takardar tafiyar jirgi ɗaya ce ta zo da mahaɗa biyu masu suna iri ɗaya a ƙasashe daban, manhajar ta rikice ta tsayar da kanta, ta ajiyar ma da yake irin manhajar ce a cikinta ta yi daidai abin da ta farkon ta yi. Aka koma shigar da bayanai da hannu, fasinjoji sama da 700,000 abin ya shafa. Darasin da masu tsarawa suka ɗauka a nan mai nauyi ne: na'urar ajiya da ke tunani irin na babbar na'ura, cutar da ta kayar da ɗaya za ta kayar da ɗayar.

Wa zai fara sa kuɗinsa?

Rabin tsarin yana ƙasa, rabi yana cikin jirage, kuma masu su daban. Hukuma ba ta son kafa tashoshin karɓar sigina alhali jirage ba su da na'urar aikawa, kamfani kuma ba ya son ajiye jirginsa a garejin gyara ya sa na'ura mai tsada alhali hukuma ba ta shirya ba shi gajeriyar hanya ba. Kowa na jiran kowa. Yawanci doka ce ke warware shi. Amurka ta fitar da doka a 2010 cewa daga 1 ga Janairun 2020 duk jirgin da zai shiga manyan yankunan samanta sai yana da na'urar ADS-B, wadda ke gano inda jirgi yake ta hanyar tauraron ɗan'adam ta kuma sanar, ba sai rada ta nemo shi ba. Shekara goma aka bayar na shiri. Ribar ta fito fili a saman teku inda rada ba ta kaiwa: daga 2019 aka fara kama siginar jiragen arewacin Atlantika daga taurari, abin da ya ba da damar matso da su kusa da juna cikin aminci.

Kuɗin hukumomin kuwa a ƙasashe da yawa daga harajin ratsa sama yake fitowa, ana lissafa shi da nauyin jirgi da nisan da ya yi. Da annobar korona ta ajiye jirage a 2020 sai kuɗin shiga ya ƙafe, ayyukan sabuntawa da ɗaukar sababbin jami'ai suka tsaya a wurare da yawa, kuma jami'in kula da jirage ba a samar da shi a wata shida, horonsa shekaru yake ci. Da jirage suka dawo sai aka tarar da giɓin. Inda kuma kuɗin ke fitowa daga kasafin gwamnati na shekara-shekara, aikin shekara goma sha biyar ne ake ciyar da shi da alƙawarin wata goma sha biyu. Amurka ta taɓa ɗanɗanawa: babban shirinta na sabunta kwamfutocin cibiyoyi da aka faro a shekarun 1980 an rushe mafi yawansa a 1994 bayan an narka biliyoyin daloli, saboda an so a canza komai a tashi ɗaya.

Taswirar da ake bi yanzu

Irin wannan faɗuwar ce ta sa aka koma tafiya daki-daki. ICAO tana da kundin tsarin zirga-zirgar sama na duniya, kuma tun 2013 ta kasa gyare-gyaren zuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni da shekarar da ake sa ran fasaharsa da ƙa'idojinsa sun nuna. Ba a ce kowace ƙasa ta yi komai ba. Ƙasar da jirage kaɗan ke ratsawa ba ta buƙatar abin da Landan ke buƙata. Abin da ake so shi ne duk abin da ka zaɓa ka yi shi a kan ma'auni ɗaya da na kowa. Daga nan sai kwamitocin shiyya, kamar na Afirka da tekun Indiya, su zauna su tsayar da abin da za a fara da ranar farawa, sannan kowace ƙasa ta rubuta nata tsarin. Turai tana da shirin SESAR a ƙarƙashin manufar sama guda, wato haɗe saman ƙasashenta, da ta kafa wa doka a 2004, Amurka kuma ta ƙaddamar da shirin NextGen da ya samo asali daga dokar 2003.

Inda ake ja-in-ja

Fiye da shekara ashirin da dokar sama guda, har yau saman Turai a rarrabe take. Kamfanonin jirage suna cewa rarrabuwar tana sa su zagaye da ƙona mai a banza, kuma suna da gaskiya. Gwamnatoci suna cewa sama maganar tsaro ce, sojoji na buƙatar filin atisaye da ikon rufe shi duk sanda suka so. Ƙungiyoyin jami'ai suna tsoron haɗe cibiyoyi zai cinye ayyuka, kuma suna yawan tuna wa mutane cewa in na'ura ta faɗi su ne ke rage da jiragen a hannu. Ni dai a ganina maganarsu ta biyun ba abin yarwa ba ce, duk tsarin da aka zana ba a zauna da mutumin da zai yi aiki da shi ƙarfe uku na dare ba, akwai sauran aiki.

Akwai kuma mutanen ƙasa. Hanyoyin da tauraro ke jagoranta sun fi daidai, jirgi bayan jirgi na bin layi ɗaya ba kaucewa, to ƙarar da a da take bazuwa kan unguwanni da yawa sai ta tattaru kan unguwa ɗaya. A birnin Phoenix na Amurka har kotu aka je, kuma a 2017 kotun ta ba birnin gaskiya a kan hukumar jiragen sama. Sannan ga sabuwar rigima: shekaru ana shirin rage tsofaffin tashoshin nuna hanya na ƙasa don a dogara da GPS, sai ga shi ana toshe siginar GPS ko a aika ta bogi a kewayen tekun Baltik da Bahar Aswad da Gabas ta Tsakiya. Yanzu masu tsarawa sun dawo suna lissafin tsofaffin tashoshi nawa za a bari a matsayin madogara, wato za a biya kuɗin sabo a kuma ci gaba da ciyar da tsoho.

Me ya shafi fasinja?

Da farko jinkiri. In tsarin ya yi rauni, ko jami'ai sun yi kaɗan, ko ana tsaka da sauya na'ura, ba a rage tazarar aminci, yawan jirage ake ragewa. Shi ya sa za ka zauna cikin jirgi ƙofa a rufe, sama garau, matuƙi ya ce ana jiran izini. Wataƙila wani yanki ne a ƙasa ta uku a kan hanyarku ya cika, an ga gara ku jira a ƙasa injin a kashe da ku je kuna shawagi kuna ƙona mai. Cibiyar da za ta koma sabon tsari ma da gangan take sanar da rage jiragen da za ta karɓa na makonni, har hannun jami'anta ya faɗa.

Sai kuɗin tikiti. Harajin ratsa sama da kuɗin mai duk a jikin tikiti suke ƙarewa. Hanya ta miƙe, jirgi ya samu tsayin da yake so, ya sauko a hankali ba tare da ana tsayar da shi hawa-hawa ba, mai ya ragu. Hanya ta toshe kuma lissafi ya juye: da Nijar ta rufe samanta a Agustan 2023, ga Sudan a rufe saboda yaƙi, ga Libiya da yawancin kamfanoni ke gudu, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka yi dogon zagaye, kuma cibiyoyin ƙasashen da aka karkato wa jiragen su ne suka wayi gari da nauyin da ba su saba ɗauka ba. A irin wannan ranar abin da ke aiki shi ne hanyoyin ko-ta-kwana da maƙwabta suka riga suka amince a kansu a rubuce, da layin waya tsakanin cibiya da cibiya da aka gwada aka tabbatar yana shiga.